Kaset marar bango

Mafi daɗin abin da Ɗalal Maddah ya rera, a kunnena, bai taɓa bi ta hannun wani kamfani ba. Yana cikin kaset-kaset marasa bango, waɗanda aka rubuta wa suna da biro, wani lokaci ma ba sunan kowa sai shekara da unguwa. Mutanen Hijaz jalsa suke kiran irin zaman da aka ɗauke su a ciki: mawaƙi rungume da ud, garayar nan ta Larabawa mai ƙaton ciki, mai ɗan ganga a gefensa, abokai sun jingina da matasai, shayi yana zagayawa. Ba tikiti, ba dandamali. A cikin mazauna wurin akwai wanda ya ajiye rakoda kusa da gwiwar mawaƙin, ko a fili, ko ya yafa mata gefen hirami. Washegari kaset ɗaya ya zama biyu. Kafin wata ya kai Makka da Ɗa'ifa, kafin shekara ta zagayo wani alhaji ya sauka da shi a Kano.

Ni mai gyaran rediyo da rakoda ne. A Katsina aka haife ni, a Jidda na tsufa, cikin wani ɗan shago a tsohon gari, kusa da Bab Makka. Duk mai irin sana'ata ya san rakoda ba kasafai take zuwa gyara ita kaɗai ba. Sau da yawa da kaset maƙale a cikinta, zaren ya naɗe a jikin roba, mai ita yana roƙo a ceto kaset ɗin ko da rakodar za ta mutu. Ta haka na saurari abubuwa da yawa waɗanda ba don kunnena aka yi su ba, ta haka kuma wata tambaya ta zauna mini a rai: wanda ya danna jan maɓallin nan bai nemi izini ba, me ya ɗauka, kuma ranar da za a tsaya hisabi haƙƙin wa ke wuyansa?

Sai an san yadda garin yake a wancan zamani kafin a gane darajar waɗannan kaset. Bayan 1979, shekarar da Juhaiman da mutanensa suka mamaye Harami, hukuma ta ja linzami a kan sha'anin waƙa. Wasa a bainar jama'a ya yi ƙaranci ƙwarai. Manyan mawaƙan ƙasar, irin su Ɗalal da Muhammad Abdu da Abadi Aljauhar, sukan fita Alƙahira ko Kuwait ko Landan su yi wasa, a gida kuwa sai bikin bazara jefi-jefi, sai gidan biki, sai jalsa. Da Muhammad Abdu ya hau dandamali a filin wasanni na Sarki Abdullahi a nan Jidda cikin Janairun 2017, jaridu sun ce shekara bakwai rabon garin da irin wannan taro, kuma maza zalla suka shiga. Ke nan shekara da shekaru, mai son jin mawaƙi yana rerawa a gaban mutane, yana kuskure yana gyarawa, yana maimaita baiti saboda wani a wurin ya yi ajiyar zuciya, ba shi da hanya sai ta hannun masu rakoda.

Kuma aikin nasu ba wasa ba ne. Wanda ya ƙware ba ya jona rakoda da wutar gida, batir yake sa mata sababbi, domin wutar gida tana shigar da wani gunji a ƙarƙashin murya. Yana neman kusurwar da ta yi nesa da na'urar sanyaya ɗaki, don a Jidda ita ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar sauti. Ba ya ajiyewa kusa da ganga, sai ta danne murya. Kaset mai minti 90 yake saye, 45 kowane gefe, yana gudun mai 120 saboda zarensa siriri ne, da wuya ya wanye lafiya. Babbar fargaba ita ce lokacin juyawa: zare ya ƙare mawaƙi yana tsakiyar baiti, kafin a buɗe a juya a rufe an yi asarar abin da ba zai dawo ba. Shi ya sa wasu sukan zo su biyu, ɗaya ya danna tasa bayan ɗan'uwansa da minti biyar, daga baya a haɗa. Da an gama sai a karya 'yan haƙoran nan biyu na bayan kaset don kada wani yaro ya ɗauki wani abu a kai. Wannan ita ce uwa. Abin da aka kwafa daga gare ta 'ya ce, na bayanta jika, kowace tsara tana rasa wani abu na kaifin murya tana ƙara shuuu. Mai uwa a hannunsa ba ya ba da aronta, ko ga ɗan'uwansa na jini.

Hukunci kuwa ba sai an je nesa nemansa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a nan Jidda mazauninta yake. A zamanta na biyar, a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke a ƙuduri mai lamba 43 cewa haƙƙin mai wallafa da na mai ƙirƙira haƙƙi ne na masu shi, al'adar wannan zamani ta ba shi darajar dukiya, shari'a tana kare shi, bai halatta a keta shi ba. Dokar ƙasar ma, wadda aka sabunta a 2003, tana kare aikin mutum tsawon ransa da shekara 50 bayan mutuwarsa. Na yarda da wannan hukunci ɗari bisa ɗari a kan mutum ɗaya: mai injin kwafi, wanda ke zuba kaset ɗari a yini ya jera a kanta ya karɓi riyal, mai muryar bai ga ko halala ba. Wannan cin gumin wani ne, ko ya yi wa shagonsa suna mai daɗi. Amma ƙudurin bai ba ni amsa a kan mutumin da ya zauna a jalsa, ya ɗauka don kansa, ya adana shekara talatin, bai taɓa sayarwa ba. Shi ne mutumin da na fi sani, shi ne kuma yake kawo mini gyara.

Inda na sami haske a kansa shi ne wajen malaman hadisi, domin sun riga mu cin karo da wannan matsala tun babu rakoda. Ana ruwaito cewa Imam Nasa'i ya je Masar wajen Alharisu ɗan Miskin, alƙali kuma babban malamin Malikiyya, wanda ya rasu a 250 bayan hijira. Wani abu ya shiga tsakaninsu, wasu sun ce malamin ya ga shigarsa ya zaci ɗan leƙen asirin sarauta ne, sai ya hana shi zama a majalisi. Nasa'i bai koma gida ba. Sai ya riƙa laɓewa inda zai ji karatu ba a gan shi ba. Da ya zo rubuta littafinsa, bai yar da abin da ya ji ba, amma bai ce malam ya ba shi labari ba kamar yadda yake faɗa a kan sauran malamansa. Sai ya bayyana cewa ana karanta wa Alharisu ne shi kuma yana ji. Daga baya Ibn Salah, wanda ya rasu a 643, ya tattara maganar malamai a kan wannan: idan ɗalibi ya ji daga malami, sannan malamin ya hana shi ruwaitowa ba don yana shakkar ingancin abin ba, hanin bai ɓata jin da aka yi ba.

Ranar da na kawo wannan labari gaban wani malami ɗan Zariya da ke zama a shagona bayan la'asar, bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce, "Alhaji, ka haɗa abin da ba ya haɗuwa. Hadisi ba na Alharisu ba ne, na Manzon Allah ne, malami hanya ce kawai, kuma akwai narko mai tsanani a kan ɓoye ilimi. Waƙa fa? Gumin mai ita ce, ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya hana." Na ce, "Allah gafarta Malam, gaskiyarka." Har yau ina ganin gaskiyarsa ce. Ba wanda zai ce ɓoye waƙar soyayya zunubi ne. Sai dai ba izinin ne ya kama ni a labarin Nasa'i ba, tsantseninsa ne. Ya ji a ɓoye, amma bai yi ƙaryar kusanci ba. Bai ɗora wa malamin abin da bai ba shi ba, bai kuma ɗora wa kansa matsayin da bai samu ba. Kowa ya buɗe littafin zai san ta wace ƙofa maganar ta shigo.

A nan ne masu kaset da yawa suka faɗi, tun kafin a zo maganar kuɗi. An sha kawo mini kaset da sunan Ɗalal a jiki, ina sawa in ji wani yaro ne mai kwaikwayonsa. An sha ƙara wa kaset shekaru don ya yi tsada. Yanzu da abin ya koma YouTube, sai ka ga mutum ya ɗora jalsar da ba shi ya ɗauka ba, ya buga sunansa a kai, wani ma har ya sa murya a tsakiyar waƙa tana kiran sunan tasharsa. Ga kuma sabuwar fitina, inda kwamfuta ke kwaikwayon muryar mamaci ta sa shi rera abin da bai taɓa rerawa ba. Wannan ƙarya ce ake yi wa mutum yana kabari, ba shi da bakin musantawa. Haka ake yi wa alarammomi. Shaihu Ali Jabir, haifaffen garin nan, ya ja tarawihi a Harami a shekarun 1980, ya rasu a Jidda a 2005, kuma da yawa daga abin da mutane ke saurare nasa yau daga sallolin nan aka ɗauko. Waɗanda suka ɗauka sun yi wa al'umma hidima. Waɗanda ke ƙara wa karatun amo da inji, su yanka su haɗa su ce daren kaza ne na shekara kaza alhali ba su sani ba, suna ɓata hidimar.

Akwai kuma kalma ɗaya a ƙudurin Majalisar da mu Hausawa ya kamata mu tsaya a kanta, wato al'ada. Darajar dukiyar nan al'ada ce ta ba ta, al'ada kuwa ba ɗaya ba ce a ko'ina. A gidajen Hausawan Jidda kaset ɗin Shata da aka fi ji da shi ba na ɗakin ɗaukar sauti ba ne. Na filin biki ne, wanda ake jin sanƙira yana kirari, ana jin guɗa, ana jin kalangu ya ɗan lafa saboda wani attajiri ya miƙe zai yi kyauta. Shata, Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya, duk a wurin ake sallamarsu: kuɗi, riga, doki, mota, kujerar Makka. Kafin mai rakoda ya tashi an riga an biya waƙar. Wanda aka wasa kuwa babban burinsa sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba, don haka duk wanda ya kwafi kaset ɗin aiki yake yi masa. Shata ya rasu a 1999, kuma ba wanda ya san adadin waƙoƙinsa, domin ko waƙa ɗaya ce ba ya rera ta iri ɗaya sau biyu. Da ba don gidajen rediyo da waɗannan masu rakoda ba, da kaso mai yawa ya bi shi ƙasa a Daura. Ba zan iya kiran su ɓarayi ba. Har a Amurka an yi wata ƙungiyar mawaƙa, Grateful Dead, da ta ware wa masu rakoda wurin zama a wasanninta tun 1984, bisa sharaɗin a yi musaya kada a sayar.

Amma yaron da ke waƙa yau a Kano ko a Jidda ba a duniyar Shata yake ba. Shi ya biya kuɗin ɗakin ɗaukar sauti, abincinsa yana cikin tikiti da yawan masu saurare a shafinsa. Wanda ya ɗaga waya ya ɗauke wasansa kaf ya ɗora kafin gari ya waye ya taɓa masa tukunya. Bai kamata a jawo hujjar Shata a cuci wannan yaro da ita ba.

Wata hujja da nake ƙyama ita ce ta masu cewa ai kiɗa haramun ne, haramun kuwa ba ta da daraja a shari'a, saboda haka ba haƙƙin kowa a ciki. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, manyan malaman ƙasar nan irin su Shaihu Bin Baz sun tafi a kan haramci, kuma ina girmama wanda ya bi su ya toshe kunnensa. Wanda ya yarda haramun ne, hanyarsa a fili take: kada ya ji, kada ya kwafa, kada ya sayar. Amma mutum ya ji daɗin waƙa da dare, ya sayar da ita da rana, sai in an zo maganar haƙƙin mai ita ya tuna da fatawa, wannan wasa da addini ne. Ya ɗauki zunubin da yake jin akwai, ya ƙara da na zalunci.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina ba dukiya ba ne, sutura ce. Akwai hadisin da ke nuna cewa idan mutum ya yi maka magana yana waiwaye, maganar ta zama amana a hannunka. Jalsa cike take da irin wannan waiwaye. Tsakanin waƙa da waƙa mawaƙi yana hira, yana ambaton wani da abin da ba zai faɗa a rediyo ba, muryarsa tana karyewa don gajiya, wani lokaci a ji abin da ke nuna halin da bai so iyalinsa su sani ba. Rakoda ba ta da kunya, duk tana kwashewa. Mai ita ne ya kamata ya ji kunyar a madadinta. Ɗalal ya faɗi a kan dandamali a Abha cikin Agustan 2000, ud na hannunsa, rai ya yi halinsa. Kyamara ta ɗauka, kuma har yau ana tura hoton faɗuwar daga waya zuwa waya. Masu turawa masoyansa ne, na sani. Amma ban ga soyayya a maimaita kallon fitar ran Musulmi ba, alhali ana wanke mamaci ma a bayan labule.

Ɓangaren mata ya fi tsanani. Bikin Jidda gida biyu ne, na maza daban na mata daban, kuma a ɓangaren mata akwai zabiyoyi masu tambura da ganguna, da yawansu jikokin mutanenmu ne da suka zo hajji a ƙasa suka zauna. Mawaƙiya Itab, wadda sunan danginta Hausawi ne, a irin waɗannan gidajen biki ta fara kafin ta koma Masar, inda ta rasu a 2007. Ita ta zaɓi fitowa fili. Da yawa ba su zaɓa ba: mata suke yi wa waƙa, a ɗaki rufe, mazajensu sun yarda ne bisa wannan sharaɗi. Kaset ɗaya da ya fita zai iya kashe aure. Shi ya sa aka taɓa hana sayar da waya mai kyamara a ƙasar nan har zuwa ƙarshen 2004, shi ya sa ake ajiye mata a ƙofar zauren biki suna karɓar wayoyi, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya da tarar da za ta kai riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da waya. Irin wannan kaset in ya zo shagona, ina ciro shi daga rakoda in miƙa wa mai shi, ba na kwafa. Wani saurayi ya taɓa cewa, "Baba, ai tarihi ne, duk sun mutu." Na ce masa, "Ɗana, 'ya'yansu fa?"

Maganar tarihin nan tasa ba banza ba ce, kuma ita ce ta ƙara mini nauyi a 'yan shekarun nan. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni da dama a Jidda, ciki har da Karantina da Gulail da Sabil da Kandara, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin kakanni. Mai tashi cikin gaggawa katifa yake ɗauka da tukunya da takardu. Kwalayen kaset da yawa a bakin titi aka bar su, wasu kuma aka kawo wa irinmu, a ce mu duba ko akwai abin amfani. Danshin teku ya riga ya cinye wasu, zaren ya manne, in ka ja ya tsinke. Waɗanda suka tsira, a cikinsu akwai suna da walimar saukar karatu da tarbar alhazai da kiɗan biki na lungunan da yanzu fili ne fetal. Mutanen da suka ɗauka ba su nemi izinin kowa ba. Yau ba wani abu da ya rage na sautin waɗannan unguwanni sai abin da suka ɗauka.

Ni ban ɗauka ba, ban saya ba, ga su dai a hannuna. Babin da na ga ya dace da su a fiƙihu shi ne na tsintuwa. Mai tsintuwa ba mai abu ba ne, ba kuma ɓarawo ba ne. An umarce shi ya san jakar da maɗaurinta, ya yi cigiya shekara guda, ya kiyaye kayan kada su lalace a hannunsa, a Makka ma an ƙara tsanantawa. Yar da su a shara sakaci ne da amana, zuba su a intanet ba tantancewa kuwa tozarta ta ne. Don haka nake bi ɗaya bayan ɗaya: in goge kan rakoda, in liƙe inda ya tsinke, in mayar da sautin cikin kwamfuta, in rubuta abin da na sani da abin da aka gaya mini, kowanne daban. Wanda na gane masu shi, in nemi dangi in ba su, su yanke abin da za a yi. Wanda na mata ne, in ba wata dattijuwa a dangin, ba tare da na saurara har ƙarshe ba.

Akwai ɗaya da har yanzu nake cigiya. Kiɗan kalangu ne a wani biki, mawaƙin yana da harshen Sakkwatanci, yana wasa mutane da sunayensu da sana'o'insu, daga mai sayar da tsire har direban motar alhazai. Ba a rubuta komai a jiki ba. Ina sa wa dattawan da ke zuwa shago su saurara. Kwanan baya wani tsoho da ya tashi a Karantina ya gane sunan uban ango, ya ce yana jin jikokinsa sun koma wajen Bahra, kan tsohuwar hanyar Makka, mawaƙin kuwa alhaji ne da ya zo ya yi 'yan watanni ya koma gida. Na rubuta wannan a jikin kwalin, na ƙara da cewa daga bakin tsohon na ji, ba ni na halarci bikin ba, sannan na ba wani direba da ke bin hanyar saƙo ya tambayo mini gidan.